Musayar Baitoci: A Sa wa 'Yan Majalisa Wa'adi ko A Bar Su?

Ɗan Kusugu, daga Daura:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga nawa, mai amsawa ya riƙe ƙafiyar "ya".

Da sunan Allah nake farawa,
Ya ba ni ikon faɗin gaskiya.
Gwamna zango biyu ne ya sauka,
Shugaban ƙasa ma, babu jayayya.
Amma kujerar ɗan majalisa,
Doka ba ta sa mata iyaka ko ɗaya.
Tun 1999 wasu ke Abuja,
Jaririn lokacin yau yana da 'ya'ya.
Mu Daurawa mun san maciji,
Da ya naɗe ya tare mana rijiya.
Sai ran Juma'a a jefa guga,
Sauran kwana shida a sha wuya.
A sa wa'adi, zango uku ya isa,
Shekara 12 ai an yi tafiya.

Jikan Gobarau, daga Katsina:

Ɗan'uwana na Daura, na ji ka,
Amma tsaya mu auna a faifai ɗaya.
Gwamna ke riƙe da baitulmali,
Naɗi da kora nasa ne gaba ɗaya.
Wakili guda ne cikin 360,
Ƙarfinsa sani ne da juriya.
Sabon shiga bai iya kasafi ba,
Minista zai juya shi kamar ƙosai a suya.
Aminu Masari sai da ya yi zango guda,
A 2003 ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, ka waiwaya.
Wa ya kashe tazarcen Obasanjo a 2006?
Majalisar Dattawa ce ta tsaya.

'Yar Ƙofar Ƙaura:

Yayyena, kun bar jaki kuna dukan taiki,
Ciwon na can ciki, ba a baya.
Daliget ke yanke mana hukunci,
A fidda gwani an gama sayayya.
Ran zaɓe a zo mana mu mata,
Da sabulu, atamfa da taliya.
Na ga uwa ta karɓa tana hawaye,
Don yunwa ba ta barin zuciya.
Ko an sa wa'adi, mai sauka,
Ɗansa zai ɗora, mu koma jiya.

Ɗan Kusugu:

Ƙanwata, wallahi kin taɓa ni,
Maganarki ban da abin musantaya.
Amma a 2018 Buhari ya sa hannu kan doka,
Mai shekara 25 ma zai iya tsayawa takara, an shirya.
An buɗe ƙofa, ɗakin a cike yake,
Matashi na waje ya riƙe takarda yana juyayi da wuya.
Gyaran tsarin mulki sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa,
Da majalisun jihohi 24 sun goya baya.
Wuƙa da nama duk suna hannunsu,
Gobarau, wa zai rage wa kansa miya?

Jikan Gobarau:
Baitin nan ya yi nauyi, ɗan'uwa. Bari in dawo daga sallar isha'i, zan amsa maka da ita wannan ƙafiyar.