Musayar Waƙa: Motar Baƙi Ta Wuce Zango

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Motoci na ta sauke baƙi a Kumasi, fadar Manhyia,
'Yan Amurka, 'yan Jamus da na Italiya.
Su ga fadar da aka gina a 1925,
Don Sarki Prempeh, bayan zaman hijira da wuya.
Su gangara kasuwar Kejetia neman tsaraba,
Ba mai cewa a leƙa Zango ko ɗaya.
Mu da kakanninmu suka yi fataucin goro,
Daga Salaga har Kano, jaki da kaya.

Hajiya ta Asawase:
Ɗana, share hawayenka ka saurara,
Sunanmu na can a jikin rigar sarki.
Batakari, rigar yaƙin Asantehene, sarkin Asante,
Layu ne jere, gaba da baya, abin mamaki.
Wa ya riƙe alƙalami ya rubuta su?
Malaman arewa ne suka yi wannan aiki.

Malam na Alabar:
Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan ƙara gishiri.

Gwanjawa da Wangarawa na cikin ladan,
Kada Bahaushe ya kwashe shi shi kaɗai.
Kuma in za a buɗe kundi, a buɗe duka,
Ba a karanta rabi a ce an yi daidai.
A 1874 da aka ƙone Kumasi,
Akwai Hausawa cikin rundunar Bature Glover, a faɗa dai.
A 1900 sarauniya Yaa Asantewaa ta kewaye ganuwar Turawa,
Gwamna Hodgson na ciki, tsuru-tsuru sosai.
Su wa ke riƙe masa bindiga a ƙofa?
Sojan Hausa ne, ɗan Aboabo, ka ji dai.
Ganuwar na nan, ta zama gidan tarihin soja,
In ka kai baƙo can, kada ka sunkuyar da kai.

Ɗan Aboabo:
Kai, Malam! Na zo neman inuwa ka tura ni rana.

Ƙanwar Zango:
Baba Malam, ku bar ni in sa baki,
Ni zinaren Asanten nan ne ya tsaya mini a rai.
Guda 32 aka kawo daga Landan a 2024,
Wai aro ne, shekara 3, a mayar musu dai.
A kwashe maka kaya ranar da aka ci garinka,
Jikoki su zo su ba ka aro, ka ce madalla dai?
Gidan tarihin Fowler da ke Amurka,
Guda 7 ya mayar, bai ce a dawo da su ba sam, kai!

Hajiya ta Asawase:
'Yata, bakinki ya fi barkono zafi,
Amma mu dawo kan maganar ɗan'uwanki.
Bikin Akwasidae na zuwa duk kwana 42,
Ranar nan baƙi sun fi ƙarfin masauki.
Wa zai tsaya bakin fada ya ce musu,
Ku zo Babban Masallaci, ga tuwo mai daɗi a baki?
Ku gyara kwatar layinmu tukuna,
Kar baƙo ya zo kallo ya koma da ciwon ciki.

Ɗan Aboabo:
Na ɗauka, Hajiya, Asabar za mu fito,
Samarin layi, da shebur da tsintsiya.
Malam ya rubuto mana tarihin a takarda,
Har da na Hodgson, kar a rage ko ɗaya.
Koko da ƙosai kuwa, wannan naki ne,
Sai dai kar ki ninka wa Bature kuɗi sau uku, Hajiya.

Hajiya ta Asawase:
Sau biyu dai. Wake ya yi tsada.