Shawarwari kan zaman sauraron tarihin Kabi

Dattawa da matasan da suka tattauna a Argungu kan gayyato masana su yi wa jama'a bayanin tarihin Kabi sun fi daɗewa a kan tambaya guda: wa za a kira masani? Mafi yawansu suka ce kada a tsaya ga malaman jami'a kaɗai. A zaunar da su tare da makaɗan fada, da manyan masunta, da malaman zaure masu ajiye takardun ajami. Ina tare da su a nan. Malamin jami'a zai gaya maka an fara bikin kamun kifi a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, amma al'adun ruwan Matan Fada, kogin da ake bikin a cikinsa, sai masunci.

An kuma ja kunne kan zancen Kabi da Gwandu. Yaƙin 1805, da Abdullahi ɗan Fodiyo, kakan sarakunan Gwandu, ya ci Birnin Kabi, kowane ɓangare da yadda kakanninsa suka ba shi labarin. Wani dattijo ya ce a gayyato mai bayani daga kowane ɓangare, kuma shugaban zama ya hana gori tun kafin a fara.

Wurin zama, an fi son Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. A yi shi bayan la'asar, da Hausa, a ware wa mata wurinsu, a naɗi muryar tsofaffi da waya bayan an nemi izininsu. Mutanen Yawuri da Zuru ma a ba su ranarsu.