Shuɗin fasta na yana komawa shunayya a wajen bugu

Assalamu alaikum. Malaminmu na zanen kwamfuta ya ba mu aikin fasta kan wata sana'ar gargajiya ta Kano, ni na ɗauki marinar Ƙofar Mata. Duk kyan aikin yana kan shuɗin baba mai duhu, irin wanda ake gani idan an tsamo yadi daga karofi iska ta buge shi. A manhajar zane ta CorelDRAW kalar ta zauna daram. Ana bugawa sai ta fito shunayya, kamar an zuba mata ja.

Da RGB (tsarin kalar allon kwamfuta) na fara aikin, mai shagon bugu ya ce in mayar CMYK (tsarin kalar tawadar injin bugu). Na mayar, manhajar ta ba ni C (shuɗi mai haske) da M (ja mai ruwan hoda) kusan 100 kowanne, shunayyar ma ta ƙaru. Na rage M zuwa 70, jan ya tafi amma shuɗin ya yi fari-fari kamar na rigar makaranta. Na ƙara K (baƙi) don ya yi duhu, sai zanen ɗaurin da ke jikin yadin ya nutse gaba ɗaya, alhali shi nake so a gani. Hoton yadin da na sa a fastar kuma da waya na ɗauka, da rana tsaka. PDF nake kai musu, kan takarda mai sheƙi, kuma kowane gwaji da kuɗina ake bugawa.

Don Allah waɗanne lambobin CMYK ne ke fitar da shuɗin baba mai duhu a takarda ba tare da ya karkata zuwa shunayya ba?