Waɗanda suka yi mastas a koyar da karatu, dan Allah ku ba mu labari

Maman Ilham, Rikkos:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji 2 a wata firamare nan Jos, ina da digiri, kuma ina so in koma in yi mastas a ɓangaren koya wa yara karatu da rubutu amma maigida na cewa asarar kuɗi ce tunda albashin ba wani motsi zai yi ba. Wanda ya yi ya gaya min gaskiya dan Allah, ba ta talla ba.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Ni na yi, kuma abin da ya fi tsaya min a rai ba lakca ba ce, ranar da aka tura mu makarantu mu yi gwajin EGRA ne, na auna karatun yaran ƙananan azuzuwa. Za ki zaunar da yaro shi kaɗai ki ba shi minti ɗaya ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, akwai kuma wani shafi na kalmomin da ba su da ma'ana sam, an haɗa su ne kawai dan a gane mai haɗa baƙi da mai hadda. Wallahi nan asiri ya tonu, ɗan aji 4 zai rera miki shafi guda ba gargada amma ki rufe hoton ki ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiya sai ya tsaya yana kallonki. Shekaru muna tafa wa irin yaran nan muna cewa haziƙai.

Malama Ladi, Bukuru:
Haka ne yallaɓai. Ni tawa matsalar yare ce. A ajina akwai Birom, akwai Ngas, Afizere, Hausawa, har da yaran Ibo da iyayensu ke kasuwa, to da harshen wace uwar zan fara? A lakca za a ce miki yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, kuma gaskiya ne na gani da idona, amma littattafan da muka karanta yawanci daga Amurka da Ingila suke, ba wanda ya zauna a irin ajinmu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da harshen gida a firamare, a 2025 minista ya ce a koma Turanci, mu dai muna tsakiya da alli a hannu. Abin da nake yi yanzu, Hausa nake fara haɗa musu gaɓa da ita tunda ita suke yi a filin wasa, daga baya mu tsallaka Turanci.

Malam na Gangare:
Malama Ladi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tesis ɗina a kan wannan na yi. Hausa wasali 5 ne a rubuce, kuma yadda aka rubuta kusan haka ake faɗa, in yaro ya kama ba be bi bo bu ya gane wayon to ya kama hanya. Turanci kuwa Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta sautin haruffa, sauti 42 yake koyarwa kuma duk da haka sai an haddace wasu kalmomin da ba sa bin ƙa'ida. Kuma ba ƙ a ciki, ba ɗ, ba ɓ, shi ya sa za ka ga yaro ya iya waƙar fonik tsaf amma ya kasa rubuta ƙofa. Malamanmu na allo ma ai babbaƙu suke fara yi kafin farfaru. Ki nemi kayan koyar da karatun Hausa na shirin Mu Karanta da aka yi aiki da su a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA na Katsina da Zamfara, sun fi min wasu handawut ɗin amfani.

Abu Hanif:
Ni dai bari in tsaya wa maigida kaɗan. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya ci mana, sufabaiza kuma ka kai masa babi na 2 sai ya manta inda ya ajiye, ga kuɗin firintin ga na mota. TETFund, hukumar asusun tallafin ilimi, malaman manyan makarantu take ɗaukar nauyi, mu 'yan firamare daga aljihu ne. Na gama, ina nan a matakin albashina sai dai an fara kirana in horar da malamai lokacin hutu, ɗan alawus ɗin yana rage zafi kam.

Baban Sadiq:
Abu Hanif ai ka faɗi ribar da bakinka, hhh. Malama kafin ki sayi fom ki je sashen da kanki ki tambaya ko akwai malamin da karatun yara ne fanninsa, dan wani wurin sunan kwas ɗin ne kawai, a ciki nahawu da adabi za ki sha. A BUK akwai cibiya guda ta binciken karatu, ki leƙa ki ga me suke yi. Kuma binciken ki yi shi a ajinki, kar ki yarda a tura ki raba takardun tambayoyi ga malamai kawai.

Maman Ilham, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Gangare yarana sun haura 70, gwajin minti ɗayan nan ya kuke yi da sauran kar su tada ajin?

Malam na Gangare:
Biyar biyar kullum lokacin tara, a baranda. Ki fara da na bencin baya.