Hankalina ya ƙi zama wuri ɗaya, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina koya wa kaina tattara hankali kan abin da nake ciki, amma abin ya ci tura.

Bayan sallar Asuba nakan zauna minti 10 ina ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma. Ban taɓa wuce huɗu ba. Kafin in ankara na koma kan jarin da na yi asara bara, ina ta saƙa da warwara. In na kuɓuta daga nan, sai kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa ya ɗauke ni, ƙirjina ya yi nauyi.

Na kashe waya, bai hana ba. Na mayar da zaman bayan Isha, barci ya sace ni. Korar tunanin da ƙarfi kuwa kamar zuga shi nake. Yanzu ko a sallah ina mance raka'a ta nawa nake, kusan kullum sai na yi ƙabli ko ba'adi.

Don Allah, da zarar na farga hankalina ya tafi, in sake ƙirga daga ɗaya ne, ko in ƙyale tunanin ya wuce da kansa?