Neman bayanin aikin sojan kakana a Yaƙin Bama

Jikan Mazan Jiya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan yadda zan gano inda kakana na wajen uwa ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da muka ji a gida shi ne an ɗauke shi daga ƙasar Katsina, ya yi horo a Zariya, aka kai shi Bama (ƙasar da ake kira Myanmar yanzu), ya dawo bayan an gama yaƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne lambobin yabo biyu, ɗaya mai siffar tauraro, da wani ɗan littafi na Turanci wanda gara ta ci gefensa. Na duba lambobin ban ga sunansa ba, na neme shi a intanet ban sami komai ba. Ta ina ya kamata in fara?

Malam Mai Kundi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin suna a jikin lambobin ba abin damuwa ba ne, domin Birtaniya ta raba irin waɗannan lambobi na halartar yaƙi ba tare da ta sassaƙa suna ba, sai dai na jarumta. Amma sunan fagen yaƙin yana rubuce a fuskar tauraron, sai ka duba ko Bama ce ko Afirka, saboda sojojin Najeriya sun fara yaƙi ne a Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941.

Ɗan littafin nan ya fi lambobin amfani, domin da alama takardar sallama ce, kuma a cikinta za ka sami lambarsa ta soja, wadda ga 'yan Najeriya take farawa da haruffan NA. Ka riƙe wannan lamba da kyau, domin neman sojan wancan zamani da suna kawai wahala ce. Magatakardan soja sukan rubuta sunan mutum ne su haɗa da na garinsu, kamar Audu Kano ko Garba Sakkwato, ba sunan mahaifinsa ba, kuma a bataliya guda ana iya samun masu suna ɗaya da yawa. Wasu ma da gangan suka ba da wani suna don kada iyayensu su biyo sahu.

Ɗan Barikin Kaduna:
Ina goyon bayan Malam, sai dai ina ganin sanin bataliyarsa shi ne zai ba ka labarin da kake nema. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma aka kai fagen Bama: ta 81, wadda ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, da ta 82, wadda ta biyo baya a 1944 ta shiga yankin Arakan, kuma su biyun suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya kuwa an ware su aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka shigar bayan layin Japanawa a 1944. Daga nan ne Barikin Chindit na Zariya ya sami sunansa.

Kowace bataliya tana da kundin da ake rubuta abin da ya faru kullum, kuma waɗannan kundaye suna Ma'adanar Tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan, na fagen Bama a jerin WO 172. Gaskiya da wuya su ambaci farabiti da sunansa, hafsoshi Turawa suka fi ambata, amma za su nuna maka kogin da aka haye da ranar da aka yi artabu. Idan an taɓa ba shi lambar jarumta, takardar da ta bayyana dalili tana jerin WO 373, wanda ake iya bincikawa ta intanet. Shafin Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Commonwealth kuwa na waɗanda suka mutu ne a bakin aiki, kamar kusan mutum 27,000 da aka rubuta sunayensu a makabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama, shi ya sa wanda ya dawo gida ba zai fito a ciki ba.

Hajiya 'Yar Funtuwa:
Ɗana, kafin ka kai Landan, ka fara da tsofaffin gidanku, musamman mata. Ka tambaye su ko bindiga ya riƙe ko dako ya yi, domin dubban mutanenmu a rukunin 'yan dako suka yi aiki, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, kuma su ma sojoji ne masu lamba. Bayan haka ka je Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin Lardin Katsina na shekarun yaƙi, tunda ta hannun sarakuna da hakimai aka yi ɗaukar soja. Ka kuma leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku da lambar a hannu.

Jikan Mazan Jiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake duba littafin, lambar tana nan, kuma sunan da ke kusa da ita na garinmu ne, ba na mahaifinsa ba. Gurbin bataliyar ne gara ta taɓa, amma ana iya ganin 7. Malam, akwai hanyar neman kwafin kundin daga Kew ba tare da mutum ya je da kansa ba?