Otal na cikin wurin wasa ko na cikin gari? Neman shawara kan hutun yara a Dubai

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin kai yara Dubai a hutun Disamba in Allah ya yarda, ni da maigida da yara uku masu shekara 4, 8 da 11, na kwana bakwai. Yaran ba su da zance sai Legoland da wurin wankan nan mai zamiya. Bayan kuɗin jirgi da biza, abin da muka ware wa masauki, tikiti da abinci dala 4,000 ne. Na duba intanet, na ga otal ɗin da ke cikin wurin wasan ya ninka na unguwar Deira da ke cikin gari kusan sau uku. Akwai dalilin da zai sa mutum ya biya wannan kuɗi, ko dai mu kama na cikin gari mu riƙa hawa tasi? Masu sani ku taimaka.

Abu Sadiq, Malali:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kuɗin ɗaki kaɗai kika kwatanta, shi ya sa bambancin ya firgita ki. Abin da za ki auna shi ne nawa yini guda zai ci gaba ɗayansa, da ɗaki da tikitin mutum biyar da mota.

Ki fara juya kuɗin zuwa dirhami, tunda da shi za ku biya komai. Dirhami a ɗaure yake da dala, dala ɗaya 3.67, wato kuna da wajen dirhami 14,700.

Sai nisa. Legoland na cikin rukunin wuraren wasa na Dubai Parks and Resorts ne, tare da Motiongate da Real Madrid World, can Jebel Ali a hanyar Abu Dhabi. Daga Deira kusan kilomita 60 ne, kuma jirgin ƙasan Metro bai kai wurin ba. Tasi na yau da kullum mutum huɗu yake ɗauka, ku kuma ku biyar ne, dole sai babbar mota, ga kuɗin shingen hanya da suke kira Salik da ake ɗora wa fasinja.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, ki sa na gaskiya idan kin duba farashin ranakunku. A ce ɗakin Deira 450, tikiti 300 kowane mutum, 1,500 ke nan, tasi zuwa da dawowa 300. Yinin ya tashi 2,250. A ce kuma na cikin wurin wasan 1,400 amma da tikiti a ciki. Kin ga wanda ake ce wa mai tsada shi ne mai sauƙi a ranar. To amma ranar da ba ku shiga wasa ba, kun tafi kasuwar zinare ko Dubai Mall, lissafin ya juye: kun biya 1,400 don barci kawai, kuma ga tasi mai nisa zuwa gari.

Saboda haka ku raba zaman gida biyu. Kwana biyu ko uku a otal ɗin wurin wasa, sauran a cikin gari. Kuma kada daren farko ya zama na mai tsadar. Yawancin jiragen da mutanenmu ke bi daga Abuja ko Kano ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha da tsakar dare ko da asuba suke sauka, ba a kuma ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana. Ku sauka a gari, yara su huce gajiya, ranar ta uku ku ɗauki jakunkuna da safe ku wuce can, ku ajiye kaya a wurin karɓar baƙi, ku shiga wasa kafin ɗaki ya kammala. Ki tambayi otal ɗin a rubuce ko tikitin ya haɗa da ranar shiga da ranar fita. In ya haɗa, kwana biyu zai ba ku yini uku na wasa.

Otal uku ne a wurin. Rove at the Park shi ne na masu lallaɓa aljihu, ɗakunansa ƙanana ne, kuma ba kowane farashinsa ne ke ɗauke da tikiti ba. Lapita ya fi girma da ƙawa, yana ƙarƙashin Marriott. Sai Legoland Hotel da aka buɗe a 2022, daga ƙofarsa zuwa ƙofar wurin wasa taku kaɗan ne.

Abu na ƙarshe, farashin da kika gani a shafin farko sau da yawa babu haraji a ciki. A Dubai ana ƙara kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar birni, kashi 5 na VAT, sannan kuɗin yawon buɗe ido na kowane ɗaki a kowane dare: dirhami 10 a mai tauraro uku, 15 a mai huɗu, 20 a mai biyar. Wannan kuɗin yawon buɗe idon a otal ake karɓa. Ki bi shafin har wurin biya ki ga jimla tukuna.

Anti Rabi, Barnawa:

Malam Abu Sadiq ya yi bayani, amma akwai inda tsugune ba ta ƙare ba, wato yawanku. Ɗakin otal na yau da kullum manya biyu da yaro ɗaya ko biyu ake yarda su kwana a ciki, kuma kowa sai ya miƙa fasfo an rubuta sunansa. Ba irin masaukin biki ba ne da za a shimfiɗa katifa a ƙasa a lallaɓa. Wannan ɗaki na 450 da ake lissafi, ga iyali mai mutum biyar yana iya zama ɗaki biyu. Lokacin bincike ki sa manya biyu da yara uku da shekarun kowa daidai. Masu sa manya biyu kawai don farashi ya sauka su ne ake tsayarwa a wurin karɓar baƙi a ce sai sun ƙara ɗaki da farashin ranar. In kuma ɗaki biyu za ku kama, ki nemi masu ƙofa a tsakani kuma a tabbatar miki a rubuce, don “in akwai” ba alƙawari ba ne.

A nan Legoland Hotel ya yi muku daidai, domin ɗakunansa na da ɓangaren yara daban, da gado mai hawa biyu da na uku da ake jawowa daga ƙarƙashi. Mutum biyar a ɗaki guda.

Sai dai ki duba shekarun yaran. An gina Legoland ne don 'yan shekara 2 zuwa 12. Mai 4 da mai 8 za su more, mai 11 kuwa zuwa la'asar zai fara tambayar sai ina kuma. Shi Motiongate ne nasa, don haka ki tabbata tikitin otal ɗin na barin ku zaɓi wurin da za ku shiga kowace rana, ba wuri ɗaya aka ɗaure ku ba.

Kuma kafin ki biya komai, ki jingina kowane yaro da bango ki auna tsawonsa da tef ɗin tela. A ƙofar kowane lilo akwai sandar awo, da tsawo suke aiki ba da shekaru ba, kuma ma'aikacin ba ya jin magiya. Misali lilon Formula Rossa na wurin wasan Ferrari World da ke Abu Dhabi, mai gudun kilomita 240 a awa, sai mai santimita 140. Yaron da bai kai ba kuka kawai zai sha a bakin layi bayan an biya masa cikakken tikiti.

Batun wurin wanka mai zamiya, Legoland na da nasa na ƙananan yara kuma ya ishe ku. Otal ɗin Atlantis da ke tsibirin Palm yana ba masu kwana a cikinsa shiga wurin wankansa, Aquaventure, kyauta, amma a Disamba dare ɗaya a can zai cinye babban kaso na kuɗinku. In yara sun nace, sayen tikitin yini ɗaya ya fi. Ki kuma tafi da kayan ninƙaya masu rufe jiki, an yarda da su. Atamfa da abaya da duk abin da ke da ƙarfe ko zif ba a barin a hau zamiya da su.

Injiniya Bala, Kawo:

Ni inda na saɓa da su shi ne lokacin. Disamba ce tsakiyar kakar baƙi a can, sanyi ya sauka, kowa ya zo. Farkon watan akwai hutun ranar ƙasa, 2 ga Disamba, ga tseren motocin Formula 1 a Yas Marina da kan faɗo a wannan tsakani, otal-otal na Abu Dhabi sukan cika maƙil. Daga wajen 20 ga wata zuwa sabuwar shekara farashi kan yi tashin gwauron zabi, wasu manyan otal ma sukan tilasta wa duk mai kwana daren 31 biyan kuɗin liyafa, ko ya halarta ko yana ɗaki yana barci. In Disambar ta zama dole, ku nemi tsakiyar wata, da zarar makarantu sun tashi.

In da hali, a jinkirta zuwa dogon hutu na Yuli da Agusta. Zafi kan haura digiri 40, ga gumi da ya fi na Kaduna a watan Afrilu, shi ya sa otal ke karya farashi. A wannan lokaci tsibirin Yas na Abu Dhabi ya fi dacewa da Jebel Ali, saboda Warner Bros. World da SeaWorld a rufe suke cikin sanyin na'ura, Ferrari World ma mafi yawansa a ƙarƙashin rufi yake. Akwai motar Yas Express da ke zagaya otal-otal da wuraren wasa kyauta, kuɗin tasi ya fita daga lissafi ke nan. Sukan kuma yi rangwamen bazara na yara 'yan ƙasa da shekara 12, galibi yaro ɗaya a kan babba ɗaya, don haka ku sa kuɗin yaro na uku a lissafi. Yas Waterworld yakan ware lokuta na mata zalla, Hajiya sai ki duba jadawalin.

Abu biyu kan kuɗi. Na farko, kada a biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. An dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka dawo, kuma sharuɗɗan sukan sauya. Ɗakin da ake iya sokewa ya ɗan fi tsada, amma wannan ƙarin shi ne kariyarku. Ki rubuta ranar ƙarshe ta sokewa a waya. Na biyu, ranar shiga otal zai riƙe kuɗin ajiya a kati, kuma bayan an fita yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi. Tunda otal biyu za ku sauka, sau biyu za a riƙe. Katin naira na da iyakar abin da zai kashe a waje, gara katin asusun dala da tsabar kuɗi a hannu. In na'urar biya ta tambaya dala ko dirhami, a zaɓi dirhami, canjin na'urar ya fi na banki cuta.

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:

Allah ya saka da alheri, wallahi batun mutum biyar a ɗaki ko kusa bai zo mini ba. Maigida hutunsa na Disamba ne, ba za mu iya ɗagawa ba. Saura abinci. Na ga akwai farashi mai karin kumallo kawai, da mai haɗe da abincin dare. Wanne za mu ɗauka?

Anti Rabi, Barnawa:

A otal ɗin wurin wasa ki ɗauki mai haɗe da abincin dare, don babu gidajen abinci masu araha a kusa, na Riverland da ke bakin wurin kuwa farashin baƙi ne. Ki tambaya ko abin sha na ciki, da shekarar da yaro ke fara biyan kuɗin babba, a wurare da yawa 12 ce, to naku duka suna ƙasa. Ku ci karin kumallo sosai, da rana a yi maleji da abu mara nauyi, domin ana duba jaka a ƙofa kuma ba a cika barin abincin waje ya shiga ba.

A Deira kuwa ɗaki kawai ki kama, ko ma ɗaki mai kicin. Shinkafar biryani da gasasshiyar kaza na kowane lungu da kuɗi kaɗan, faranti biyu ya ishi yaran uku. Ki ƙulla yajinki a gwangwani mai murfi, ki sa a jakar da za a auna, ba ta hannu ba.